Tsohuwar libarba a ƙasan akwati: abin ado a Faransa, abin ɗauri a Bracodi

Tun daga 2017 Tarayyar Afirka ta ware watan Satumba na kowace shekara a matsayin watan afuwa ga duk wanda ke riƙe da bindiga ba bisa ƙa'ida ba: ya miƙa ta ga hukuma, ba kamu, ba shari'a, ba tonon silili. An tsara shirin ya ƙare a 2020, sai shugabannin nahiyar suka ƙara masa wa'adi zuwa 2030. Kodebuwa na cikin ƙasashe bakwai da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa wa wajen gudanar da shi a 2020. Duk da haka, a Bracodi ta Adjamé, unguwar da ta ari sunanta daga wani tsohon kamfanin lemo da barasa, da kuma layukan Treichville inda Hausawa suka daɗe da kafuwa, Satumba wata ne na komawa makaranta. Hankalin magidanta na kan kuɗin rajista da littattafai, maganar afuwar bindiga kuwa takan zo ta wuce kamar ba a yi ba.

A daidai lokacin, wayoyin da ake saye a kasuwar Black Market ta Adjamé na kawo wa matasa wani labari daban. A YouTube da TikTok akwai Turawan Amurka da Faransa da suka mai da tara tsofaffin ƙananan bindigogi abin sha'awa. Mutum zai shimfiɗa kyalle a tebur, ya jera libarba biyar ko shida, ya goge su da mai, ya faɗi shekarar da aka ƙera kowace, sannan ya tafi filin koyon harbi ya gwada saiti a kan takarda. Kallon na da daɗi, babu musu. Kuma duk wanda ya kalla zai iya tuno wani ƙarfe mai tsatsa da ya taɓa hanga a ƙasan akwatin kakansa, a naɗe cikin tsumma, wanda manya ba sa son a yi zancensa.

Abin tambaya shi ne: wannan ƙarfen, kayan tarihi ne ko makami? A birnin Liyon ko a jihar Teksas amsar na iya zama ta farko. A Abijan, musamman ga wanda ake kira Bahaushe, kusan kullum ta biyun ce.

Me ake tarawa, kuma me ya sa doka ta ƙyale su?

Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa ta kawo harsashi bakin bututu duk sa'ad da aka ja kunama. Masu tara ta sun fi ƙaunar ƙanana, masu siririn baki. A 1857 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fitar da wata mai cin harsashi bakwai, faɗin bakinta bai kai milimita 6 ba, kuma har yau ana ƙera irin harsashinta. A shekarun 1890 kamfanin Galand na birnin Paris ya fito da wadda aka sanya wa suna Velo-dog, don masu hawan keke su kori karnukan ƙauye da ke bin su. (Abin da yaron Adjamé zai yi da tsakuwa ɗaya, Bafaranshen wancan zamani sai da ya sayi bindiga.) Maƙeran birnin Liyej na Beljiyam da na Saint-Étienne suka kwaikwaye ta, suka cika kasuwa da ita a farashi mai sauƙi. Kamfanin Manufrance, wanda kundin kayansa ya zagaya ƙasashen da Faransa ta mallaka kafin ya durƙushe a 1985, ya sayar da irin waɗannan tare da kekuna da keken ɗinki da bindigogin farauta.

Dokokin waɗancan ƙasashe sun ja layi ne a kan shekara. A Amurka, dokar tarayya ba ta ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin makamin da ke buƙatar takardun da ake nema ga sabuwa. A Faransa, tun 2013, baligi na iya sayen bindigar da samfurinta ya girmi 1 ga Janairun 1900 ba tare da neman izini ba, in ban da wasu samfura da hukuma ta cire saboda haɗarinsu. Ko yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan bindigogi ta bar wa ƙasashe damar ware na tarihi, da sharaɗin kada a sa wadda aka ƙera bayan 1899 a ciki.

Hujjar ita ce harsashin irin waɗannan ya ɓace daga kasuwa, don haka bindigar ta zama kamar tsohuwar fitila da ba a sayar da lagwaninta. Sai dai Turai da kanta ta gano hujjar na da rami. A Disamban 2017 wata kotu a Birmingham ta yanke wa wani dillalin kayan tarihi, Paul Edmunds, ɗaurin shekara 30, bayan an gano yana shigo da tsofaffin bindigogi yana ƙera musu harsashi a gida, kuma an danganta kayansa da wuraren aikata laifi sama da 100. A 2021 Birtaniya ta cire nau'in harsashi bakwai daga jerin waɗanda take ɗauka sun mutu. A Faransa kuwa, mutumin da ya kai hari kasuwar Kirsimeti ta Strasbourg ranar 11 ga Disamban 2018, ya kashe mutum biyar, libarbar sojan Faransa samfurin 1892 ce a hannunsa. Ta haura shekara ɗari, kuma ta yi aikin da aka ƙera ta domin shi.

Ƙanƙantar baki ma ba kariya ba ce. Da libarba mai irin wannan siririn harsashi aka kashe Sanata Robert Kennedy a 1968, da irinta aka harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981.

Ta ina tsohuwar libarba ta shigo gidajen nan?

Bahaushe ba baƙon bindiga ba ne. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, har ya sa aka ƙera igwa a Zinder a ƙarni na 19. 'Yan bindigar fada na nan har gobe a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau, suna ɗura albarushi suna tashin hayaƙi. Maharba da bindigar toka sanannu ne a kowane ƙauye. Amma libarba labarinta daban. Yarjejeniyar Brussels ta 2 ga Yulin 1890 ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a faɗin yankin da ya kama daga Sahara zuwa kusa da kudancin nahiyar, ta bar musu na ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Libarba ta zama kayan ɗamarar kwamanda da hafsan soja, sai wani basarake ko tafinta ko babban ɗan kasuwa da aka yi wa alfarma.

Ma'anar wannan ita ce, a Faransa tsohuwar libarba kan fito ne daga aljihun teburin wani kaka da ya saye ta a kanti da rasiɗinsa. A nan kuwa, in an bi sawunta, galibi za a tarar ta biyo tsohon soja ne daga yaƙin Turawa, ko an karɓe ta jingina a hannun wanda ya kasa biyan bashi, ko ta shigo a shekarun tashin hankali. Da wuya a samu takarda tare da ita. Ko an samu, da sunan mamaci take.

Shekarun tashin hankalin kuwa ba su yi nisa ba. Tawayen 19 ga Satumban 2002 ya raba ƙasar gida biyu. Kwamitin Sulhu ya sanya wa Kodebuwa takunkumin makamai a Nuwamban 2004, bai ɗage shi gaba ɗaya ba sai Afrilun 2016. Rikicin bayan zaɓen 2010 ya ci rayuka kimanin 3,000, kuma Abijan ce ta fi ɗanɗanawa. Daga 2012 zuwa 2015 hukumar ADDR ta yi aikin kwance ɗamarar tsofaffin mayaƙa da aka ƙiyasta yawansu ya kai 74,000. Duk da haka, a boren sojoji na Mayun 2017 sai ga akwatunan makamai sababbi fil sun fito daga wani gida a Bouaké. Ga harin Grand-Bassam na 13 ga Maris 2016 da ya kashe mutum 19, ga na Kafolo a Yunin 2020 da ya kashe jami'an tsaro 14. Jandarman da ya buɗe jakar wani a shingen bincike ya ga libarba, waɗannan ranakun ne za su zo masa a rai. Ba zai tsaya duba tambarin maƙerin Liyej a jikin ganga ba, kuma da wuya a ga laifinsa.

Abin da doka ta ce

Dokoki biyu ne ginshiƙi a Kodebuwa: dokar 23 ga Disamban 1998 da ta tanadi hukunci kan laifukan makamai, da dokar zartarwa ta 24 ga Fabrairun 1999 da ta tsara mallakarsu. Ta biyun ta bi tsohon tsarin Faransa na 1939, wanda ya kasa makamai gida takwas, daga na yaƙi zuwa na kare kai, na farauta, wuƙaƙe da adduna, na wasan harbi, har zuwa na tarihi. Wato doka ta san da zaman makamin tarihi. Amma ba mai bindiga ne ke zaɓa mata gida ba, hukuma ce. Libarbar da kunamarta ke aiki, kuma ake iya samun abin da za a ɗura mata, a gidan makaman kare kai jami'i zai fara ajiye ta, wanda riƙe shi ba izini ke kai mutum gidan yarin Yopougon. Daga baya lauya na iya kawo hujjar tsufa gaban alƙali, amma kafin nan shago ya rufe, iyali sun shiga wani hali.

A saman wannan akwai yarjejeniyar CEDEAO, wato ECOWAS, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006, ta fara aiki a 2009. Ta ambaci libarba da sunanta a cikin ƙananan makamai. Sashe na 14 ya gindaya sharuɗɗan bai wa farar hula lasisi: ya kai shekarun da doka ta yanka, ba shi da tabon laifi, ya kawo dalili karɓaɓɓe, ya nuna shaidar an koya masa sarrafa bindiga da dokokinta, ya kuma nuna inda zai kulle ta daban da harsashinta. Sai a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba shi izinin kowace bindiga guda, kuma dole ƙasa ta ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai riƙe. Wannan sharaɗi na ƙarshe kaɗai ya isa ya nuna cewa tsarin yankin ba a gina shi don mai son jera goma a tebur ba. A 2009 ne Kodebuwa ta kafa hukumar ComNat-ALPC don aiwatar da yarjejeniyar.

Dalili karɓaɓɓe ma ƙofarsa ƙunci gare ta, domin a hukumance an rufe farauta a ƙasar a 1974. Gaskiya ne dozo, maharban gargajiya na arewa, sun daɗe suna yawo da bindigoginsu a bainar jama'a, kuma mai karatu na iya cewa to ina dokar take. Tana nan, rashin aiki da ita ne ya yi tsada: rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar na Disamban 2013 ya ɗora wa dozo alhakin kashe aƙalla mutum 228 tsakanin 2009 da 2013. Kuma dozo na da ƙungiya da masu tsaya musu a sama. Mai sayar da garba a Bracodi ba shi da su.

Ga wanda ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, lamarin ya fi haka tsauri. Lasisi ba ya ƙetare iyaka. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindigogin soja, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsu, kuma hukuncin riƙe su ba ya gaza shekara 10. Dokar ta haɗa har da ƙananan bindigogin hannu masu ƙanƙara, wato tsufa ba ya fid da su. A Agustan 2023 ma rundunar 'yan sandan ƙasar ta dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai. A Nijar akwai hukumar CNCCAI mai karɓar haramtattun makamai tun 1994. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025 ba ta sassauta komai ba a kan hanya. Wanda ya ɗauko gadon mahaifinsa a motar Abijan zuwa Yamai, ta Bouaké da Ouangolodougou da Bobo, zai ratsa yankunan da ake yaƙi da masu iƙirarin jihadi, inda ƙaramar bindiga a cikin kayan fasinja Bahaushe ko Bafillace ke iya samun fassarar da ba a dawowa daga gare ta.

Nauyin da ke kan baƙo

Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 22 cikin 100 na mazauna Kodebuwa, mutum sama da miliyan 6, ba 'yan ƙasa ba ne. A bakin mutanen Abijan kalmar “Haoussa” ta wuce ƙabila. Tana nufin mai garba, mai tsire, mai tura ruwa, mai gadi, mai sayar da albasa, ko daga Tawa yake ko daga Dosso ko Sakkwato, ko da Zabarmanci yake ji, ko da an haifi kakansa a Treichville yana da katin ɗan ƙasa a aljihu. Suna ɗaya ne, saboda haka laifin mutum ɗaya ma na kowa ne.

An ga haka ranar 19 ga Mayun 2021. Wani bidiyo da aka ɗauka a wata ƙasa daban ya yaɗu a Facebook da ƙaryar cewa 'yan Nijar ne ke azabtar da 'yan Kodebuwa. Kafin yamma matasa sun far wa 'yan Nijar a Abobo da Yopougon da Anyama da wasu unguwanni, an fasa rumfuna, an jikkata mutane da dama, an rasa rai. Kotu ta ɗaure matar da ta yi kiran a tashi shekara biyar, kuma hukumomi sun yi saurin kashe wutar. Wancan bidiyon ƙarya ne tsagwaronta. A ƙaddara na gaskiya ne: saurayi ɗan Bracodi ya ɗauki kansa a waya yana juya gangar libarbar kakansa, yana kwaikwayon Baturen da ya gani. A wajensa wasa ne. A wajen wanda ke neman hujjar cewa baƙi na tara makamai, kyauta ce daga sama. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai hujjar da ke ɗaya ɓangaren, kuma ba ta wasa ba ce. Masu shekaru sun tuna watannin farko na 2011, lokacin da aka kafa shingaye a unguwanni ana duba suna da katin mutum, kuma ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidun kashe 'yan Burkina da Mali da Nijar da Najeriya a irin waɗannan wurare. Sun tuna harbin da ya kashe mutum huɗu a Treichville ranar 8 ga Maris na shekarar. Bayan yaƙi kuma ga yaran da ake kira mikrob da addunansu a Abobo da Attécoubé da Adjamé. Ɗan kasuwar da ke rufe shago da dare da cinikin yini a jikinsa, in ya ce yana son abin kare kai, ba mahaukaci ba ne. A can gida ma, a Yunin 2022, gwamnatin Zamfara da bakinta ta ce jama'a su nemi bindiga.

Sai dai in an auna, tsohuwar libarba ita ce mafi munin amsa ga wannan tsoro. Yawancinsu an ƙera su ne don baƙin albarushi na da, wanda ƙarfinsa bai kai na zamani ba, kuma ƙarfen da ya shekara ɗari cikin damshin Abijan na iya tarwatsewa a hannun mai shi. Da yawa daga cikin na aljihu kunamarsu naɗewa take yi, ba ta da zoben kariya. Harsashin da ya daɗe na iya ƙin tashi ranar da ake buƙata, ya tashi ranar da yaro ke wasa da shi. A gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ɗaki goma sha biyu, inda yara ke shiga ko'ina, babu wani ƙasan akwati da ya ɓuya. Ranar da taron jama'a ya taso kuwa, harsashi biyar ba ya mai da mutum ɗari baya. Abin da zai yi shi ne ya mai da wanda aka zalunta wanda ake tuhuma, ya kuma jawo wa layin gaba ɗaya. A Mayun 2021 abin da ya tsai da ɓarnar shi ne fitowar jami'an tsaro da maganar shugabannin al'umma.

Koyon harbi: inda hukuma ta bar giɓi

Sha'awar koyon saiti kanta ba aibi ba ce. Harbi wasa ne da ake yi a gasar Olamfik tun 1896, kuma matakin farkonsa ba ya buƙatar albarushi: ƙaramar bindigar iska ce, ana harba ɗan ƙwayar dalma mai milimita 4.5 daga nisan mita 10. Abin da ake koya shi ne tsayuwa, riƙe numfashi, natsuwa, da ladabin kada a taɓa nuna bakin bindiga ga mutum ko da babu komai a cikinta. Abin da bidiyon waya ba ya nunawa shi ne jerin matakan da ke bayan Bafaranshen da ke harbi da libarba ta zamani: rajista a kulob, lasisin ƙungiyar wasan ta ƙasa, takardar likita, halartar atisaye a kai a kai, akwatin ƙarfe mai makulli a gida, da izinin hukuma da ake sabuntawa duk shekara biyar. Mai kallo a Adjamé ƙarshen zancen kawai yake gani.

A nan ne ya kamata a ɗora wa gwamnatocin yankin nasu laifin. Sun sa hannu a yarjejeniyar da ta ce sai an nuna shaidar horo kafin lasisi, amma ga talakan birni, filin harbi abu ne na bariki, na Agban ko Akouédo, ko na masu hali da masu sanayya. Wanda ba shi da ko ɗaya, malaminsa sai ya zama tsohon mayaƙi a bayan gari, wanda zai koya masa jan kunama ba tare da ladabin ba. Hani kaɗai bai taɓa kashe sha'awar saurayi ba. Ɗakin harbi da bindigar iska ƙarƙashin kulawar hukuma, a filin wasa ko a makarantar sakandare, ba shi da tsada idan aka kwatanta da filin ƙwallo, kuma zai raba mai son wasan da mai son makamin.

Haka ma batun tarihi. Iyalin da kakansu ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo da libarba suna da gaskiya in suka ƙi yarda a jefa ta cikin tulin da za a yanka da injin walda. Ita kaɗai ce wataƙila ta rage daga gare shi, tare da lambar yabo da hoto guda. A Turai akwai hanyar kashe bindiga a hukumance, a toshe ta yadda ba za ta sake tashi ba, a buga mata tambari, a ba mai ita takarda. Akwai kuma gidajen tarihi da ke karɓa su rubuta sunan iyali a ƙasa. Gidan tarihin ƙasa da ke Plateau, wanda aka wawashe a 2011, zai amfana da irin waɗannan kayan. Muddin zaɓi biyu ne kawai a gaban mutane, ɓoyewa ko rasawa, da yawa za su ci gaba da ɓoyewa, kuma watan afuwa zai ci gaba da tattara bindigogin toka da suka riga suka mutu.

Ranar rabon gado

Wurin da maganar ke fitowa fili shi ne bayan rasuwa. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an kira malam, an buɗe akwati, sai ga ta. Malam zai lissafa ta cikin dukiya, ɗaya daga cikin 'ya'ya maza zai ce a bar masa, wani zai ce ya san mai saye. Dukansu biyun hanyar kurkuku ce. Izinin riƙe bindiga na mutum ne shi kaɗai, ba ya shiga rabo kamar fili ko shago, sayar da ita a ɓoye kuma fataucin makami ne ko da kuɗin da aka karɓa bai kai na buhun shinkafa ba. Wanda ya saya ba a san inda zai kai ta ba, amma in ta yi ɓarna, sawun zai dawo gidan da ta fito.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Nijar da na Najeriya a Adjamé da Treichville sun saba shiga tsakani a rikicin haya, da na aure, da kai gawa gida. Wannan ma aikinsu ne, domin afuwar Satumba alkawari ne na shugabanni a Addis Ababa, cika shi kuwa na hannun jami'in da ke kan tebur a ranar. Baƙon da ya naɗe libarba a leda ya hau gbaka shi kaɗai zuwa ofishin 'yan sanda na iya haɗuwa da sintiri a Liberté kafin ya isa, kuma bayanin cewa miƙawa zai je yi ba zai karɓu ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar ta inda take, a hana yara shiga ɗakin, kada kowa ya gwada buɗe ta ko ciro abin da ke ciki. Mai gida ya tafi hannu rabbana tare da sarkin Hausawa ko mai unguwa wajen kwamishinan 'yan sandan yankin ko ofishin ComNat-ALPC, a sanar, a bar jami'ai su zo su ɗauka da kansu. A nemi takardar shaidar karɓa mai ɗauke da lambar da ke jikin bindigar da kwanan wata da hatimi, a yi mata kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a wajen shugaban al'umma.